Tsuntsun Auta

Kwana huɗu ke nan Auta bai taka ƙofar gida ba, kuma ba ciwo yake yi ba. Magidanci ne mai shekara arba'in da uku, da furfura a gemu, da mata da 'ya'ya uku, ga aikinsa na ɗaukar hoton ƙashi a asibiti. Amma ga shi zaune dirshan a kan tabarma a ɗakin marigayiya mahaifiyarsa, ya zuba wa tsohuwar talabijin ido kamar mai jinyar ɗan fari. Gidan kuwa an riga an sayar da shi, iyalinsa sun tare a sabon gida. An kwashe gado, an kwashe kujeru, har labule an cire, babu abin da ya rage a bango sai ƙusoshi da tabon inda hotuna suka daɗe a rataye. Wanda ya sayi gidan ya ce ranar Asabar da hantsi ma'aikatansa za su zo su fara da yaye rufi, don shaguna zai gina a wurin. Ran nan kuwa Alhamis ce.

Abin da ya ɗaure wannan babban mutum a wurin bai fi tafin hannu ba. Kaset ɗin gem ne, wato wasan talabijin.

Yaran yanzu da ke shafa waya da yatsa ba su san wannan harka ba. A da can akwai wani akwati ruwan toka da ake jona wa talabijin, yana da baki a samansa inda ake cusa kaset. In ka cusa ya ƙi kamawa, sai ka zaro shi ka hura masa iska fuu fuu, ka goge shi a jikin rigarka, ka mayar. Sannan akwai abin riƙewa guda biyu masu doguwar waya, waɗanda ake ce wa hannu, kowanne da ramin da ake soka shi a gaban akwatin. Mahaifinsu ne ya dawo da shi daga wata tafiya, lokacin Auta yana da shekara shida, wansa Dogo yana da sha uku. Ya ajiye shi a tsakar falo, ya ce duk wanda ya ɓata shi ya kuka da kansa, kuma daga ranar akwatin zai koma cikin kabad ya kulle.

A cikin kasusuwan gem da suka zo tare da shi akwai ɗaya da rubutunsa ba na boko ba ne, ba kuma na ajami ba, saboda haka yaran suka raɗa masa suna Gem ɗin Tsuntsu. Wani ɗan mutum ne da fitila a hannu yake gangarawa kogo bayan kogo, wani farin tsuntsu yana binsa yana tsinto masa makullai. Dogo ne mai fitila, Auta ne tsuntsu. Kullum in sun dawo daga makaranta Dogo zai shirya komai, sannan ya ƙwala masa kira. Shekara biyu da wani abu suna wannan gangara, Dogo yana cewa Auta yi dama, Auta ɗauko mini makullin can, yauwa tsuntsuna, har suka kai ƙofar ƙarshe. Ita wannan ƙofa ba ta buɗuwa sai mai fitila ya taka wani dutse, tsuntsu kuma ya sauka a kan wani zobe can sama a lokaci guda. Nan Dogo ya tsaya. Ya ce wannan ƙofar ba ta yara ba ce, a bari sai Auta ya ƙara girma. Ya ajiye wasan a cikin kaset da haruffa uku, DDA, wato Dogo da Auta. Daminar shekarar nan zazzaɓin kwana uku ya ɗauke Dogo. Akwatin ya koma cikin kabad, kaset ɗin kuma ya yi ɓatan dabo. Duk sanda Auta ya tambayi uwar, sai ta ce ita ina ruwanta da kayan wasa.

Tun daga albashinsa na farko Auta ya fara tara kasusuwan gem. Babu mai tsofaffin kaya a kasuwa da bai san shi ba, wasu har kiransa suke yi a waya in kwali ya zo. Sai ya ɗauki kaset ya sansana shi, ya girgiza shi a kunne, ya kawo gida ya zauna da auduga da sifirit yana goge masa haƙora ɗaya bayan ɗaya. Ya tara ɗari uku da goma sha biyu, da akwatuna huɗu, da hannaye cike da buhu. Matarsa Malama, mai koyarwa a firamare, ta sha faɗa wa ƙawayenta cewa ita mutum ta aura amma shago aka kai ta, don kayan sawarta a jaka suke, kasusuwa ne a cikin kabad a jere kamar 'yan makaranta. Duk wannan tari, bai taɓa cin karo da Gem ɗin Tsuntsu ko guda ba. Abokan harkarsa sun sha turo masa bidiyon ƙarshen wasan a waya, bai taɓa buɗewa ba. Ya ce ƙofar da ba shi ya buɗe ba, ba zai leƙa ta ba.

To ranar Lahadin da ake kwashe kayan gidan ne aka buɗe akwatin ƙarfen tsohuwa, can ƙasan zannuwanta aka tarar da rigar makarantar Dogo a naɗe, a cikin rigar kuwa ga kaset. Ashe shekara talatin da huɗu tana kwana a kusa da shi tana cewa ina ruwanta. Auta bai jira komai ba. Ya ɗauko akwatinsu na asali, wanda bai taɓa yarda a kunna ba, ya jona shi a ɗakin tsohuwar, don soket ɗin ɗakin ne kaɗai ke kan inbata mai hasken rana da aka haɗa mata saboda firjin maganinta. Ya hura, ya goge, ya cusa. Kiɗan nan ya tashi kamar jiya aka kashe shi. Ajiya uku suka fito a jere. Ya yi kuka iya kuka, ya kashe, ya je ya taya masu mota ɗaukar kaya. Da ya dawo ya sake kunnawa, biyu sun ɓace. Saura ɗaya, DDA, mai fitila tsaye a kan dutsensa, tsuntsu yana shawagi a gaban ƙofa.

Nan take ya kira abokinsa Mai Gyara, wanda ke da rumfar gyaran rediyo a bakin kasuwa. Mai Gyara ya zo da jakarsa, ya duƙa ya duba ba tare da ya taɓa komai ba, ya yi masa bayani dalla-dalla. A cikin kaset ɗin akwai wani ɗan batir kamar maɓallin riga, shi ke riƙe da ajiya in an kashe wuta. An yi shi ne ya yi shekara goma, ya yi fiye da talatin, yanzu numfashin ƙarshe yake ja. Muddin akwatin yana kunne, ajiyar tana nan. In wuta ta ƙifta ko sau ɗaya, sai dai a yi wa juna gaisuwa.

Auta ya ce to ba komai, bari ya buɗe ƙofar kawai a wuce wurin. Tun da mai fitila yana kan dutse, aikin tsuntsu ne ya rage, tsuntsu kuwa ai shi ne. Ya soka hannu na biyu a raminsa, ya danna sama. Tsuntsu ya yi ƙasa. Ya danna dama, tsuntsu ya tsaya yana gyaran fiffike. Ya aika aka kawo masa buhun hannayensa, ya gwada tara, kowanne sai ya hura shi ya goge a riga, tsuntsu dai harkar gabansa yake yi. Mai Gyara ya haska ramin da tocila ya ce ba laifin hannu ba ne, ramin ne ya mutu, tsufa ne. Gyaransa ba wuya, amma sai an kwance akwatin, ba a kuwa kwance shi yana kunne. Akwai wasu akwatunan masu lafiyayyen rami, amma kafin a mayar da kaset can sai an zare shi. Gaba kura ke nan, baya siyaki.

Haka Auta ya zama ɗan gadin soket. Ya buga waya asibiti ya ce bayansa ne ya riƙe, shugabansu ya ce ai gidan sauƙi ya zo, ya taho a ɗauki hoton bayan, ya ce a'a, hutu kawai yake so. Ya kashe fanka, ya kashe ƙwan fitila, ya cire cajar waya, don kada su sha wa akwati wuta. Zufa tana bin gadon bayansa yana zaune. In zai shiga banɗaki sai ya bar ƙofa a buɗe yana kasa kunne. Tagar ɗakin guda ɗaya ce, mai ƙarafa a tsaye, ta nan yake leƙen sama, in ya ga gajimare ya doshi rana sai ya juyo ya duba inbata. Kiɗan wasan kuwa ɗan guntu ne, yana kaiwa ƙarshe ya komo farko, har ya zama ko tauna yake yi da shi yake taunawa. Ya roƙi mai gidan ya ƙara masa mako guda, mutumin ya tambayi dalili, da ya ji sai da ya yi dariya har da tari, ya ce Asabar dai Asabar. Ya yi tunanin a ɗora inbata da batir da talabijin a kan baro a tura su sabon gida suna kunne, Mai Gyara ya ce wayar a cikin bango take, kuma ko ya yarda ya yi wannan haukan, rami ɗaya a titi ya isa.

Ranar Juma'a da la'asar Malama ta zo da kular abinci. Ba ta zauna ba, a bakin ƙofa ta tsaya da jakarta a kafaɗa. Ta faɗa masa cewa ita kaɗai ta haɗa gadaje a sabon gida, ita ta hau kujera ta ɗaura labule, kwalayen kasusuwansa sun tare hanyar kicin har sai an bi a karkace, maƙwabta kuma ta ce musu mijinta ya yi tafiya.

"Gobe me zan ce musu, Baban yara? In ce jirginku ya lalace?"

Ya ce ta yi haƙuri, ita ba za ta gane ba, wannan ne abu na ƙarshe da shi da Yaya Dogo suka yi da hannunsu tare. Ta dube shi, ta dubi tsuntsun da ke kai-kawo a talabijin, ta ce ta gane sarai, amma mamacin nan ba zai dawo ya buɗe masa ƙofa ba, masu rai kuma suna gida suna jiransa. Ta ajiye kula ta tafi. Daga bakin titi ta buga wa Babbar Yaya waya.

Babbar Yaya ita ce 'yar fari a gidan, tela ce, shekararta hamsin da uku, gwiwarta ta gaji amma bakinta ko gezau. Asabar da safe, ma'aikata suna sauke tsani da guduma a tsakar gida, sai ga ta tana ɗingishi. Ta ce wa shugaban ma'aikatan ya ba ta rabin awa, ya ce minti ashirin, ta ce ai ba ciniki ta zo yi ba. Ta shiga ɗakin ta toshe hanci, ta tambayi Auta ko shi ma gawa yake son zama a ɗakin uwarsu. Ya gaishe ta bai ɗago ba. Yana riƙe da hannu na goma, ya ciji harshe yana dannawa, kafaɗarsa tana bin tsuntsu duk inda ya yi.

Ta tsaya tana kallonsa. Can sai ta dafa bango ta sulale ƙasa ta fara dariya, dariyar da har hawaye, tana dukan cinya tana nuna shi da yatsa. Auta ya haɗe rai ya ce in abin dariya ta zo nema, ga ƙofa nan.

"Wallahi haka kake yi da harshenka tun kana shekara shida," ta ce tana share ido da gefen mayafi. "Auta, wai kai har yau ba wanda ya faɗa maka? Ramin nan ba tsufa ya kashe shi ba. Kai ka kashe shi, akwatin bai yi mako guda a gidan nan ba."

Ya ajiye hannun ya juyo.

Ta ba shi labari tana yi tana dariya. Wai ranar nan Dogo yana makaranta, shi Auta yana gida da mura, sai ya ga tsuntsun nan kullum yana tashi ba ya cin komai. Tausayi ya kama shi. Ya je kicin ya debo ɗanyar shinkafa a hannu, ya zauna ya dinga tura ta ƙwaya-ƙwaya cikin ramin da wayar tsuntsu ke shiga, don a ganinsa nan ne bakinsa. Da ya gama ya kawo ruwa a murfin kwalba ya ɗura masa, kada ta shaƙe shi. Ita Babbar Yaya ce ta kama shi. Da Dogo ya dawo ya gwada ya ga rami ya mutu, ya san in maganar ta kai kunnen Baba, Auta zai sha bulala, akwati kuma ya shiga kabad. Sai ya lura in ba a jona hannu na biyu ba, tsuntsun da kansa yake tashi yana tsinto makullai. Daga ranar shi ke shirya komai kafin ya kira Auta, ya tura kan wayar a ƙarƙashin akwatin ya danne. Ita kuma ya saye bakinta da wanke-wanken wata guda.

Auta ya ce ƙarya ne. Ya ce shi ya san abin da hannunsa ya yi, Yaya Dogo zai ce yi dama ya yi dama, tsuntsu ya tafi dama.

"To ai Dogo ya haddace tsuntsun ne, sakarai. In ya ga zai yi dama sai ya yi maza ya ce Auta yi dama. Shekara biyu yaron nan yana wasa da ido ɗaya a kan fitilarsa, ɗaya a kan tsuntsunka, don kada ka gane. Da kuka zo ƙofar da take son mutum biyu na gaske, me kake so ya ce maka? Sai ka girma."

Guntun kiɗan nan yana ta juyawa, a waje ana jingina tsani a bango. Auta ya dinga tuno abubuwa. Bai taɓa ganin an soka wayarsa da idonsa ba. Ranar da ya miƙa hannu zai gyara akwatin, Dogo ya buge masa yatsu ya ce wuta za ta ja shi. Kuma tsuntsunsa bai taɓa mutuwa ba ko sau ɗaya, abin da ya yi shekaru yana yi wa abokai taƙama da shi. Ya ji kamar an zare masa tabarmar da yake kai. Kwana shida yana gadin aikin hannunsa, ashe ko ƙwayar makulli bai taɓa ɗauka ba.

"To ni me na yi a ciki, Yaya?" Muryarsa ta koma ta yaro.

"Ka zauna kusa da shi. Ka cika masa kunne da surutu. Kana ganin don fitila yake gudo gida daga makaranta?"

Dariyar ta riga ta bar fuskarta. Shugaban ma'aikata ya ƙwanƙwasa ƙyauren taga ya ce Hajiya lokaci ya yi, kuma su da wayoyin wuta za su fara. Ta ce masa ya je ya ƙara ɗaure tsaninsa.

Auta ya daɗe yana kallon hannu na farko, na Dogo, wanda tun Lahadi bai yarda ya taɓa ba. Robar maɓallinsa ta lotsa daidai inda babban yatsan Dogo yake zama. Ya ɗauka. Sannan ya zare wayar hannu na biyu, ya tura kanta a ƙarƙashin akwatin ya danne, ya miƙa wa Babbar Yaya. Ta ce ita ina ta iya wannan shirme, ya ce ta riƙe kawai. Ya sauko da mai fitila daga kan dutsen da ya yi shekara talatin da huɗu a tsaye, ya fara tafiya da shi baya-baya cikin kogon, ido ɗaya a kan fitila, ɗaya a kan tsuntsu. Da ya ga fiffiken ya karkata sai ya yi maza.

"Yaya, yi hagu."

Ta danna duk abin da yatsanta ya samu, tsuntsu ya yi hagu.

"Ka gani? Ashe ma na iya."

Bai yi minti uku ba gumi ya karyo masa, don sau biyu yana makara, tsuntsu ya riga bakinsa. Yaro ɗan shekara sha uku ya yi wannan kullum, shekara biyu, bai taɓa makara ba. Auta ya mayar da mai fitila kan dutsensa, ya tsayar da shi yadda ya same shi. Ya ciro waya ya ɗauki hoton talabijin ɗin, haruffa ukun suna daga ƙasa. Sannan ya sa yatsa a kan maɓallin akwatin. Ya danna. Kiɗan ya yanke, amma sai da ya kai bakin titi da akwatin a hammata kafin ya daina jinsa a kai.

Bayan mako guda Mai Gyara ya kwance akwatin a rumfarsa. Ya kifa shi a kan takarda ya buga bayansa, sai ga ƙwayoyin shinkafa bakwai sun faɗo, baƙi ƙirin kamar kashin ɓera. Ya sauya ramin, ya sa wa kaset sabon batir. Da aka kunna, layuka ukun nan fayau suke, babu DDA babu dalilinsa. Auta ya tattara ƙwayoyin a wata 'yar kwalbar magani, ya kai gida ya ajiye a kan kanta a tsakiyar kasusuwa. Malama ta gani ta ce to madalla, yanzu kuma tarin shinkafa aka koma.

Ran Lahadi da hantsi ya lallaɓe ta ta riƙe mai fitila, shi ya ɗauki tsuntsu, wannan karon da waya a cikin rami, ya duba har sau biyu. Ita ta rubuta haruffan, MDA, ta ce nata ne a gaba tun da ita ta haɗa gado. Aka fara kogon farko. Auta ya ciji harshe ya danna dama, tsuntsu ya yi dama, kai tsaye cikin wuta. Aka sake, ya buga da bango. Aka sake, ya faɗa ruwa da makullin a baki. Malama ta ajiye hannunta a cinya ta dube shi sama da ƙasa, ta tambaye shi ko shi ne gwanin nan da aka shekara goma sha biyar ana ba ta labarinsa.

Yanzu wata biyu ke nan, suna kogo na uku. Ƙofar tana can ƙasa da nisa. Babbar Yaya kuwa duk wanda ya kawo mata ɗinki sai ya tafi da labarin shinkafa, har da ruwan murfin kwalba, ba ta rage ko ƙwaya.